Laka da dabbobin ƙasan ruwa

Dabbobin ƙasan ruwa su ne halittun da suke rayuwa a kan ƙasar da ke ƙarƙashin teku, tafki, kogi ko kududdufi, ko kuma a cikinta. Masana kimiyya suna kiransu bentos, daga kalmar Girkanci mai nufin zurfin teku, kuma Bajamushe Ernst Haeckel ne ya shigo da kalmar cikin ilimin halittu a ƙarshen ƙarni na 19. A cikinsu akwai tsutsotsi, dodon koɗi, ƙumba, kawa, kaguwa, jatan lande, matsattsaku da 'ya'yan ƙwari. Irin ƙasar da ta kwanta a gindin ruwa, ko laka ce ko rairayi ko tsakuwa, tana da babban tasiri a kan waɗanda za su iya zama a wurin, da yawansu, da yadda suke cin abinci. A teku aka fara nazarin wannan dangantaka, amma ana ganinta a ruwayen ƙasar Hausa, har da kududdufan cikin birnin Zazzau da madatsar ruwa ta Kubanni, duk da cewa tsakanin Zariya da gaɓar teku akwai tazarar fiye da kilomita 600.

Rabe-raben ƙasar gindin ruwa

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fanni: yumɓu, laka, taɓo, rairayi, yashi, tsakuwa. Sai dai Bahaushe ya raba su ne bisa amfani da yanayi. Yumɓu na maginin tukwane ne, yashi na magini, taɓo kuwa shi ne wanda ƙafa take nutsewa a ciki. Masana ilimin ƙasa sun raba su bisa girman ƙwaya ɗaya. A ma'aunin da Chester Wentworth ya fitar a 1922, wanda har yau ake aiki da shi, duk ƙwayar da ta wuce milimita 2 tsakuwa ce. Daga milimita 2 zuwa kashi ɗaya cikin 16 na milimita rairayi ne. Daga nan zuwa kashi ɗaya cikin 256 na milimita garin ƙasa ne mai laushi, irin ƙurar da hunturu yake sauke wa mutane a kan kaya. Abin da ya gaza haka shi ne yumɓu. Idan garin ƙasa da yumɓu suka haɗu da ruwa, shi ne laka. A wannan maƙala da wannan ma'ana aka yi amfani da kalmar.

Ƙarfin gudun ruwa shi ne yake tankaɗe su. Wanda ya zuba ƙasa a kwalbar ruwa ya girgiza zai ga rairayi ya kwanta cikin daƙiƙoƙi, garin ƙasa ya biyo baya, yumɓu kuma ya bar ruwan a gurɓace har kwana ɗaya ko fiye. Saboda haka inda ruwa yake gudu ko igiya take dukan gaɓa, rairayi da tsakuwa ne suke zama, laka kuma tana taruwa a inda ruwa ya natsu.

Abin da girman ƙwaya yake haifarwa

Tsakanin ƙwayoyin rairayi akwai sarari, ruwa yana ratsawa, yana kai iskar oksijin can ciki. Amma ruwan da ya kawo iskar shi ne kuma yake wanke abincin, don haka rairayi wuri ne mai iska da ƙarancin abinci. Laka akasin haka take. Ruɓaɓɓen ganye, gawar ƙananan halittu da kashin dabbobi suna kwanciya tare da ita, suna manne wa ƙwayoyin yumɓu, sai dai ruwa ba ya ratsa ta. Bakteriya suna cinye oksijin ɗin da ke samanta, ta yadda sau da yawa milimita kaɗan ne kawai na sama suke da iska. Ƙarƙashin wannan sai a tarar da baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Warin na iskar haidurojin salfaid ne, wadda guba ce ga yawancin dabbobi, baƙin kuma ya fito ne daga haɗuwarta da sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasar. Duk wanda ya taɓa yashe rijiya ko kwata ya san wannan wari.

Daga nan hanyoyin cin abinci suka rabu gida biyu. Akwai masu tace ruwa, kamar ƙumba da kawa, waɗanda suke zuƙo ruwa su tsame ƙananan abubuwan da ke yawo a ciki. Su sun fi son ƙasa mai ƙarfi da ruwa mai motsi, domin laka tana toshe musu gaɓoɓin numfashi. Akwai kuma masu haɗiyar laka, galibi tsutsotsi da wasu nau'o'in dodon koɗi, waɗanda suke cin ƙasar kanta su narkar da abin da ke jikinta su fitar da sauran, kamar yadda tana take yi a gona. Ban da waɗannan akwai mafarauta, irin su kaguwa da wasu tsutsotsi, masu cin sauran.

Akwai kuma ƙananan halittun da ido ba ya gani sosai, waɗanda suke zaune a cikin sararin da ke tsakanin ƙwayoyin rairayi. Baturiyar Ingila Molly Mare ce ta ba su suna na musamman a 1942. Idan laka ta cike wannan sarari, gidansu ya tafi.

Tarihin binciken a teku

Wanda ya fara auna abin da lissafi shi ne C. G. Johannes Petersen na ƙasar Denmak. A farkon shekarun 1910 yana son sanin yawan abincin da kifayen ƙasan teku suke samu, sai ya ƙera wani ƙarfe mai baki biyu da ake saukarwa da igiya, ya cafko ƙasa mai faɗin kashi ɗaya cikin 10 na murabba'in mita. Da ya tara samfura masu yawa, ya lura cewa wasu dabbobi kullum tare ake samunsu a kan ƙasa iri ɗaya da zurfi iri ɗaya. Ya kira su al'ummomi, ya raɗa wa kowace sunan dabbar da ta fi yawa a cikinta, kamar al'ummar Macoma da al'ummar Venus. A 1957 Gunnar Thorson, shi ma ɗan Denmak, ya faɗaɗa ra'ayin, ya ce a tekuna masu nisa da juna za a tarar da al'ummomi masu kama da juna matuƙar ƙasar iri ɗaya ce, ko da jinsunan sun bambanta. Daga baya an ga cewa ra'ayin ya fi dacewa da tekunan sanyi fiye da na wurare masu zafi, inda jinsuna suke da yawa kuma da wuya ɗaya ya rinjayi saura.

A 1958 Howard Sanders ya yi aiki a mashigin Buzzards da ke jihar Massachusetts ta Amurka, ya nuna cewa masu tace ruwa sun fi yawa a rairayi mai laushi, masu haɗiyar laka kuma a laka. Donald Rhoads da David Young sun ƙara wani abu a 1970 wanda ya juya tambayar. Sun gano cewa masu haɗiyar laka suna tona ta dare da rana har samanta ya zama ruwa-ruwa, ƙaramin motsi ya tayar da ita, ta binne 'ya'yan masu tace ruwa ta shaƙe manyansu. Ke nan dabbobin da kansu suna gyara ƙasar yadda za ta dace da su ta kori wasu. Ramukan da suke haƙawa kuma suna shigar da iska cikin laka mai zurfi, kusan aikin da garma take yi wa gona.

Aikin da ya fi amfani ga masu kula da tsabtar ruwa shi ne na Tom Pearson da Rutger Rosenberg na 1978. Sun bi abin da yake faruwa idan ƙazanta mai ruɓewa, kamar ruwan bahaya ko na masana'antar takarda, ta yi yawa a wuri. Kusa da bakin magudana babu dabba ko ɗaya. Gaba kaɗan sai a tarar da ƙananan tsutsotsi jinsi ɗaya ko biyu, musamman Capitella capitata, da yawan gaske. Sai an yi nisa kafin manyan dabbobi masu haƙa rami mai zurfi su dawo. Darasin da ɗalibai suke yawan mantawa a nan shi ne yawan dabbobi ba shi ne alamar lafiyar ruwa ba, yawan jinsuna ake dubawa.

Ba kowa ne ya yarda girman ƙwaya shi ne sanadi ba. A 1994 Paul Snelgrove da Cheryl Ann Butman sun sake duba binciken shekaru da dama, suka nuna cewa jinsuna da yawa ana samunsu a ƙasa iri-iri, kuma sau da yawa gudun ruwa ne yake kawo ƙasar, ya kawo abincin, ya kuma kawo 'ya'yan dabbobin wuri guda. A wannan fahimta ƙasar shaida ce ta yadda ruwa yake tafiya a wurin. Wannan gyara yana da ƙarfi, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe shi a duk abin da zai biyo baya.

A can ƙasan teku mai zurfi, inda laka take taruwa da milimita ko santimita kaɗan a shekara dubu, an daɗe ana zaton babu rayuwa sosai. Frederick Grassle da Nancy Maciolek sun ba da rahoto a 1992 cewa a samfuran da jimillar faɗinsu murabba'in mita 21 ne kawai, daga gabashin Amurka, sun ƙirga jinsuna 798.

Gaɓar Afirka ta Yamma da Tafkin Chadi

A 1958 aka wallafa manyan ayyuka biyu a kan wannan yanki: na Alan Longhurst, wanda ya fi mayar da hankali a kan ruwayen Saliyo, da na John Buchanan a kan tekun da ke gaban Accra a Gana. Dukansu sun raba al'ummomin ƙasan teku bisa irin ƙasa da zurfi. A gaɓar Najeriya misalin da ya fi sauƙin gani shi ne dodon koɗin Tympanotonus fuscatus, mai dogon baƙin kwanso, wanda yake rayuwa a lakar dazuzzukan bakin teku a Neja Delta da lagon Legas. Mutanen kudu suna miya da shi, ana kuma zuba kwansonsa a kankare a madadin tsakuwa.

A ruwan daɗi, Tafkin Chadi na cikin wuraren da aka fi nazarta a Afirka. Masanan Faransa na cibiyar ORSTOM, ciki har da Christian Lévêque, sun yi shekaru suna aiki a can daga shekarun 1960, lokacin da faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Sun zana taswirar gindin tafkin, laka a nan, yumɓu a can, rairayi a wani gefe, kuma sun tarar cewa dodon koɗi da ƙumba su ne suka fi nauyi a cikin dabbobin ƙasan. Farin shekarun 1970 ya janye ruwan, al'ummomin suka canza tare da shi.

Tsohon tekun Sakkwato

Ƙasar Hausa tana da nata gindin teku, sai dai ya bushe tun da daɗewa. A ƙarshen zamanin Kiretashiyos da farkon wanda ya biyo shi, wato wajen shekaru miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratso Sahara ya rufe yankin da ake kira kwarin Iullemmeden, wanda ya haɗa Sakkwato da sassan Nijar da Mali. Shimfiɗun duwatsun da ya bari an raɗa musu sunayen garuruwan yankin: Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Cornelius Kogbe, wanda ya yi aiki a sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, yana cikin waɗanda suka yi rubutu mai yawa a kansu.

Bambancin da ke tsakanin shimfiɗar Dange da ta Kalambaina yana nuna abin da ake magana a kai. Ta Dange laka ce da ta daskare ta zama dutse mai ɓarewa falle-falle, kuma an fi saninta da haƙora da ƙasusuwan kifi da na kada. Ta Kalambaina farar ƙasa ce da ta taru a ruwa mai haske, cike da burbushin dabbobin gindin teku: bushiyar teku, ƙumba, dodon koɗi da ƙananan halittu masu kwanso. Wannan dutse ne masana'antar siminti ta Sakkwato take haƙa, don haka bulo da yawa a arewa maso yammacin Najeriya akwai ragowar dabbobin teku a jikinsa. Zariya ba ta da irin wannan. Tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsun ƙarƙashin nahiya, irin na Kufena da Madarkaci, waɗanda suka girmi wancan teku nesa ba kusa ba.

Zariya: Kubanni da Galma

Saman ƙasar Zariya yana da garin ƙasa mai laushi da iska ta kwaso daga arewa tsawon dubban shekaru. Ruwan sama kuwa, kimanin milimita 1,000 a shekara, yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba, sau da yawa da ƙarfi. Ruwan farko yana tarar da gonaki a share, sai ya kwashi ƙasar ya zuba a rafuka. Shi ya sa kogin Kubanni da na Galma suke yin ja da damina.

An gina madatsar Kubanni a farkon shekarun 1970 domin samar wa Jami'ar Ahmadu Bello ruwan sha. Kamar kowace madatsa, ta tsayar da ruwa, saboda haka ta zama matattarar ƙasa. Rairayi yana zubewa a inda rafuka suke shigowa, laka kuma tana wucewa ta kwanta a wuri mai zurfi kusa da bangon. Cikewar madatsar da ƙasa matsala ce da masana labarin ƙasa na jami'ar suka daɗe suna rubutu a kai, domin duk ƙasar da ta shiga ta rage wurin ruwa. Magudanan Samaru kuma suna kawo nasu kaya.

A irin waɗannan madatsu na arewa, lakar wuri mai zurfi gidan halittu biyu ne da suka jure ƙarancin iska. Ɗaya jajayen tsutsotsin ƙwaron Chironomus ne, mai kama da sauro amma ba ya cizo. Jan nasu na himogulobin ne, sinadarin da yake cikin jinin mutum, wanda yake ba su damar riƙe ɗan oksijin da ke akwai. Ɗayan kuma siraran tsutsotsi ne dangin tana, masu cusa kai cikin laka su bar wutsiya a waje tana kaɗawa. Idan samfur ya fito da waɗannan biyu kawai, da yawa, to alama ce irin wadda Pearson da Rosenberg suka bayyana a teku. A gefen da yake da rairayi da ciyawa an fi samun jinsuna: 'ya'yan ƙwari iri-iri, ƙumba da take nutsar da rabin jikinta a ƙasa, da dodon koɗin Melanoides tuberculata mai siffar mazari, wanda yake shigewa ƙasa da rana ya fito da dare. Tarwaɗa da sauran kifayen gindi a kan waɗannan suke kiwo, don haka abin da ya samu laka yana isa ga komar masunci.

Kududdufan birni

Cikin ganuwa labarin ya sha bamban, domin mutane ne suka haƙa wuraren da ruwan yake zama. Ganuwar Zazzau, gidajen unguwanni, da Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, duk da ƙasa aka yi su, kuma ramin da aka ɗebi ƙasar shi ne yake zama kududdufi. Tun da magina ƙasa mai danƙo suke nema, gindin kududdufi yakan kasance yumɓu ne mai riƙe ruwa. A kan wannan sai shekaru su tara toka, shara, ruwan wanke-wanke da na kwata. Sakamakon shi ne baƙar laka mai yawan abinci da ƙarancin iska, wadda jinsuna kaɗan ne suke iya zama a cikinta.

Wani abin da teku ba ta da shi, kududdufi yana da shi: yana ƙafewa. Dabbar da za ta zauna a nan dole ta san yadda za ta wuce rani, kuma lakar ce mafakarta. Gaiwa, wadda masana suke kira Protopterus annectens, ita ce fitacciya a fadamun arewa. Idan ruwa ya ja baya takan haƙa rami a laka, ta lulluɓe jikinta da majina da take bushewa ta zama kamar fata, ta bar ƙaramar kafa tana shaƙar iska da huhu har damina ta dawo. A rairayi ba za ta iya haka ba, ramin zai rufta kuma danshi ba zai zauna ba.

Wasu nau'o'in dodon koɗi na jinsin Bulinus su ma suna shigewa laka su rufe bakin kwansonsu su jira ruwa. Wannan ya shafi lafiyar jama'a kai tsaye, domin Bulinus ne yake ɗauke da tsutsar Schistosoma haematobium mai haddasa tsargiya, cutar fitsarin jini da ta fi kama yara masu wanka a kududdufi da rafi. Biomphalaria yana ɗauke da nau'in da yake kama hanji, Lymnaea natalensis kuma yana ɗauke da tsutsar hantar shanu da tumaki, wadda mahauta suka sani sarai. Waɗannan ukun sun fi zama a jikin ciyawar ruwa da ganyen bado fiye da cikin ƙasa, amma ciyawar kanta a laka take kafa saiwa, kuma ƙafewar kududdufi da rani ba ta nufin an rabu da su. A 'yan shekarun nan ana cike kududdufai da yawa ana gini a kai. Hakan yana rage wuraren kamuwa da cuta, amma yana kuma toshe inda ruwan sama yake taruwa, abin da yake ƙara ambaliya a unguwanni.

Yadda ake ɗaukar samfur

A ruwa mai laka ana amfani da akwatin ƙarfe na Ekman, wanda aka sa wa sunan masanin Suwidin Sven Ekman. Ana saukar da shi a buɗe, a sako wani nauyi ta jikin igiya ya buga shi ya rufe. A rairayi da tsakuwa ba ya kamawa da kyau, sai a koma ga mai nauyi irin na Petersen ko na Van Veen. Ana wanke abin da aka ɗebo a rariya mai ido rabin milimita, a tsince dabbobin a zuba a giyar asibiti ko fomalin, a kai ɗakin gwaji a tantance su. Wani kaso na ƙasar ana busar da shi a tankaɗe ta jerin rariyoyi domin a san kason rairayi da na laka, wani kuma a ƙona shi a tanda mai zafin kusan digiri 550, nauyin da ya ragu shi ne ma'aunin ruɓaɓɓen abin da ke ciki. Girman idon rariya yana canza sakamako ƙwarai: wanda ya yi aiki da milimita 1 zai rasa yawancin ƙananan tsutsotsin da mai rabin milimita zai kama, saboda haka ba a kwatanta bincike biyu sai an duba wannan. A yanayi irin na Zariya kuma samfurin watan Agusta da na watan Maris daga wuri ɗaya suna iya fitowa kamar daga ruwa biyu daban, don haka akan maimaita ɗiba a damina da rani.